Mahaucin da Ke Yanka Kayan Jirgin Sama

Kullum da safe, tun masu shara ba su gama da babbar rumfar gyaran jirage ba, mutumin da abokan aikinsa ke kira Mahauci ya riga ya jingine kekensa a jikin tankin ruwa, ya zura rigar aikinsa da tartsatsi ya yi wa huji-huji a hannuwa, ya nufi kejinsa. Keji ne na gaske, na waya mai kauri, a can ƙuryar rumfar inda ba a zuwa sai da dalili. A ciki akwai teburin ƙarfe, da kantoci, da gwangwanayen jan fenti, da injin yanka da yake gogewa kamar kayan gado. Yakan sha shayinsa a tsaye yana kallon abin da aka tara masa jiya. Da zarar ya ajiye kofi ya sa tabarau na kariya, kowa a rumfar ya san daga nan magana sai da ɗaga murya.

Abin da yake yi kuwa, in ka gani da idonka sai ka riƙe baki. Kayan jirgin sama ake kawo masa, masu sheƙi, wasu ko ƙwarzane babu, kai ka ce yanzu aka ciro su daga kwali. Shi kuma ya shimfiɗa su a kan kwali, ya feshe su da jan fenti, in sun bushe ya matse su a teburi ya raba su biyu. Wanda ya ƙi yankuwa ya huda shi, wanda ya ƙi huduwa ya sa masa guduma. Duk jama'ar rumfar nan, injiniyoyi da makanikai, haɗa jirgi aka ɗauke su yi. Mutum ɗaya tak aka ɗauka don ya lalata, kuma shi ne ya yi ritaya kwanan nan bayan ya yi furfura a kan aikin. Shi nake so mu jinjina wa yau.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ce kawai ta raba mu, kuma na daɗe abin yana ɗaure mini kai. Me zai sa a riƙa biyan mutum albashi don ya fasa kaya masu kyau? Shi ba gwanin bayani ba ne. In ka tambaye shi sai ya ce maka, "Ai sun mutu ne," ya ci gaba da hura tayar kekensa. Sai da na samu wata injiniya da ke aiki tare da shi sannan kaina ya waye. Mai Fitila ake ce mata a rumfar, domin ita ce ke shiga ɗaki mai duhu da wata fitila mai shuɗin haske tana neman tsaga a jikin ƙarfe.

Ta ce mini ƙarfen jirgi ma yana da kwanakinsa. Wani an ƙayyade masa sau nawa zai tashi ya sauka, in ya cika, to ya gaji daga ciki ko da fuskarsa tana walƙiya. Wani kuma tsaga ce ke kama shi, siririya fiye da gashi, wadda ido ba ya gani sai an shafa masa wani ruwa an haska. Irin wannan ba zai sake hawa jirgin kowa ba har abada. Matsalar ita ce mataccen ƙarfe ba ya wari, ba ya kumbura, ba ya canza kama. In aka jefar da shi lafiyayye cikin tarkace, akwai masu bin tarkacen. Su tsince shi, su wanke jan fentin, su goge shi tas, su sa shi a sabon kwali da takardun ƙarya, su sayar wa wani kamfani a wata ƙasa da ke neman kayan gyara ido rufe. Makanike ya karɓa da zuciya ɗaya ya ɗaura, jirgi ya kwashi mutane ya tashi. Ta ce shi ya sa ba a yarda da fenti kaɗai, sai an yanka, kuma sai an samu mai yankan da ba ya jin ƙyashin yankawa.

To, Allah da ikonsa, sai ya haɗa wannan mutum aure da matar da ba ta taɓa jefar da ko murfin kwalba ba. Maman Auta kenan. A ɗakin girkinta akwai gwangwanin madara na allura, da na maɓallai, da na ƙananan gwangwanaye. Tana da wani bokiti da aka liƙe har liƙin ya fi robar yawa, kuma kada ka kuskura ka kira shi tsoho a gabanta. Ta katanga nakan ji ta tana gaya wa baƙi cewa mazan mutane gyara suke yi, nata mijin kuwa maɓarnaci ne mai katin shaida. Ta taɓa roƙonsa ya kawo mata ɗaya daga cikin ƙarafan nan masu sheƙi ta riƙa tokare ƙofa. Ya nemi izini a wurin aiki, ya kawo mata, amma rabi ne, bakinsa duk ƙuna. Ta yi tsaki, ta yi mita, ta kuma tokare ƙofar da shi. Har yau yana nan.

Na so in san yadda mutum ke zama haka, don ba a haifar kowa da son fasa kaya. Tsofaffin rumfar suka ba ni labari. Da can shi ma makanike ne mai ɗaura kaya, kuma a zamanin fenti kawai ake fesa wa matattun kaya a zubar. Wata rana aka kawo sabon kwali daga wani dillali, da leda da hatimi da komai. Aka ba shi ya buɗe. Yana juya ƙarfen da ke ciki sai ya ga wani ɗan tabo a gefe, inda sifana ta taɓa kufce masa shi da kansa lokacin da yake cire wannan ƙarfen daga wani jirgi shekara guda kafin nan. Ƙarfen da ya fesa wa ja da hannunsa ne ya zaga duniya ya dawo masa cikin sabuwar riga. Injiniyoyi suka haska, ga tsagar nan inda suka bar ta. An ce ranar bai iya cin abinci ba. Da kamfani ya ce zai kafa keji ya sayi injin yanka, yana neman wanda zai karɓi aikin da ba ƙarin girma a cikinsa, kowa ya sunkuyar da kai, shi ya ɗaga hannu.

Daga nan labaransa suka fara taruwa. Akwai na mai sayen tarkace da ya zo da motarsa ya ce don Allah a rage masa yankan, wai lafiyayyen ƙarfe ya fi daɗin lodi. Mahauci ya ba shi kujera, ya zuba masa shayi, ya ce ai ba komai, zai taya shi lodin. Sannan ya yanka su ƙanana fiye da kullum, ya taya shi lodin kuwa har ƙarshe. Akwai na wani matuƙin jirgi, babban mutum mai fara'a, da ya so a ba shi wani tsohon agogon auna tsayi ya ajiye a falo. Mahauci bai hana shi ba, sai dai ya fara ratsa agogon da huji daga fuska zuwa ƙeya. Matuƙin ya riƙe abin yana leƙen mutane ta hujin, ya ce bai taɓa samun kyautar da aka harbe ta kafin a ba shi ba.

Kai ne, Mahauci, wanda ba a taɓa ɗaukar hotonsa a gaban jirgi ba. Kai ne mai aikin da in ya yi kyau babu abin da ke faruwa, ba labari, ba sanarwa, ba wanda zai zo ya ce an gode. Abokanka suna nuna wa 'ya'yansu jirgi a sama su ce ni na gyara wancan. Kai kuwa me za ka nuna? Tulin rabi-rabi a cikin durom.

Yanzu bari in zo kan makonsa na ƙarshe, don shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Autarsu tana aure a wata ƙasa mai nisa, ta haihu, ta aiko wa uwarta da tikitin jirgi ta je ta ga jika. Maman Auta ba ta taɓa hawa jirgi ba, kuma ta rantse ba za ta hau abin da mijinta ke wuni yana yanyanka kayan cikinsa ba. Shi kuma ya yi ta lallashi, yana ce mata ai saboda yana yankawar ne ma ya kamata ta hau. Daga ƙarshe ta yarda, amma da sharaɗi: sai ya dube ta ido cikin ido ya ce mata ta hau, babu komai. Ta san mijinta sarai. Mutum ne da bai iya ƙarya ba, ko ta wasa ya gwada sai hannunsa ya tafi ƙeya yana sosawa. Aka tsayar da tafiyar washegarin liyafar ban kwanansa, ta fara haɗa jaka tana cusa kayan jarirai.

Ana gab da shiga makon nan nasa na ƙarshe aka kawo masa wasu fuka-fukan fanka, wato irin waɗanda ke juyawa a bakin injin jirgi. Kowanne tsawon hannu ne, a murɗe kaɗan, abin sha'awa ƙwarai. Mai Fitila ce ta gano tsaga a gindinsu ta kashe su. Ya jera su a kan kwali kamar kullum, ya feshe su, ya bar su su bushe, ya kulle keji ya tafi gida. Ranar da ya dawo, yana riƙe da kofin shayi, sai idonsa ya sauka a kan kwalin. Ga fuka-fukan a jere jajur, amma a tsakiyarsu akwai wuri ɗaya da babu komai sai siffar fiffike, fara fat, jan fenti ya zagaye ta. Fiffiken da ya kwanta a wurin ya tashi, kuma ba a yanka shi ba.

Ya ajiye kofin. Ya duba ƙarƙashin teburi, ya sauke kantoci, ya zazzage durom ɗin tarkace ya bi rabi-rabin ɗaya bayan ɗaya ko ya yanka ya manta, alhali ya san bai taɓa mantawa ba. Ƙofa ba a ɓalle ba, waya ba a yanke ba. Makullin kejin kuwa a hannun mutum biyu yake, shi da Manaja.

Manaja mutum ne mai raha, sun daɗe tare, har sunan 'ya'yan juna sun halarta. Mahauci ya hau bene ya same shi a ofis, ya cire hula ya gaya masa abin da ya gani. Ya zaci mutumin zai miƙe tsaye ya sa a rufe ƙofofi. Ina! Sai ya jingina da kujera yana murmushi, ya ce masa makonsa na ƙarshe ne fa, ya kwantar da hankalinsa, ya bar wannan a hannunsa, abu zai fito.

Wannan murmushin ya fi ɓatan fiffiken tayar masa da hankali. Ya tsaya yana murza hularsa, sannan ya faɗi maganar da bai taɓa zaton zai gaya wa wannan mutumin ba.

"Ranka ya daɗe, in aka yi liyafar nan bai dawo ba, daga wurin zan wuce hukumar kula da jirage in faɗa da bakina."

Manaja ya yi dariya ya ce to, ya ji. Mahauci ya sa hularsa ya sauko daga benen.

Allah Sarki. Ni da nake ganinsa ta katanga a kwanakin nan na san akwai abin da ke cinsa, amma ban san ko mene ne ba. Ashe in ya tashi aiki da la'asar ba gida yake yowa ba, kasuwar 'yan gwangwan yake wucewa. Ya bi rumfa-rumfa, yana tsallake tsoffin injinan mota da firji da ƙafafun gado, yana kwatanta musu da hannu: tsawonsa kaza, a murɗe, ja. Wasu suka ce ba su gani ba, wasu suka ce in ya samu su ma suna so. Ya koma gida da tsatsa a wando. Abin da ya fi ci masa rai ba sunansa ba ne, duk da cewa mutum ba ya son ya rufe aikin rayuwarsa da kai ƙarar abokinsa. Abin da ke hana shi sakat shi ne ya san hanyar da irin wannan ƙarfen ke bi, don ya taɓa ganin wanda ya bi ta ya dawo. In jirgi ya wuce ta saman unguwa sai ya tsaya cak da keken a hannu ya bi shi da kallo har ya ɓace.

Maman Auta ta lura tun ranar farko, don mutumin da ke share kwano ya fara barin rabi. Ba ta ce komai ba sai ana gobe liyafa, da yamma, yana zaune a tsakar gida yana kallon takalminsa. Ta fito da jakar ta ajiye a gabansa, ta tsaya a kansa.

"Baban Auta, dube ni. In hau?"

Ya ɗago. Ya sani sarai cewa fiffiken da ya ɓata a makon nan ba zai kai ga jirginta ba, irin wannan tafiyar takan ɗauki watanni. Da ya ce mata ta hau, da bai yi ƙarya ba. Amma in bai hau nata ba zai hau na uwar wani, wadda ita ma wani ya duba ya ce mata babu komai. Ya buɗe baki, sai ya ji hannunsa ya kama hanyar ƙeya. Ya mayar da shi kan gwiwa ya danne.

"Bari tukuna," ya ce.

Ba ta tambaye shi dalili ba. Ta ja jakarta ta koma ɗaki, ta zuge ta, ta fara fitar da kayan jariran tana jerawa a kan gado. Matar da ba ta rasa abin faɗa, ranar ko tsaki ba ta yi ba, kuma shirun nata ya fi masa mitarta ciwo.

Aka yi liyafar a cikin rumfar, ƙarƙashin fiffiken wani jirgi da ake gyara. An jera kujerun roba, an kawo lemo da biskit, mu maƙwabta ma an gayyace mu, Maman Auta tana gaba cikin kwalliya fuskarta ba walwala. Aka yi ta jawabi. Wani ya ce shekarun nan duk bai taɓa ganin Mahauci ya makara ba, wani ya kwaikwayi yadda yake shan shayi yana hararar ƙarafa, aka yi ta dariya. Shi kuwa yana zaune da hula a gwiwa, jikinsa ne kawai a wurin. Ya riga ya sa takalmin fita, ya kuma ajiye kekensa kusa da ƙofa.

Can sai Manaja ya miƙe, ya ce kafin a tashi akwai 'yar tsaraba. Mai Fitila ta fito daga bayan tayar jirgin tana rungume da wani abu lulluɓe da farin ƙyalle, ta ajiye a teburi ta yaye. Fiffike ne, a tsaye a kan katako mai sheƙi, an goge shi har kana ganin fuskarka a jiki, ko ɗigon ja babu. Rumfa ta kaure da tafi.

Mahauci bai yi tafi ba. Ya tashi a hankali kamar mai ciwon baya, ya je ya sa hannu ya shafa gindin fiffiken, ya juyo ya dubi Mai Fitila.

"Shi ne?"

"Shi ne, Baba."

Sai ya nemi kujera ya zauna, ya sa hular ya rufe fuskarsa. Kafaɗunsa suna rawa. Jama'a suka ɗauka daɗin kyauta ne, suka ƙara tafi, amma Manaja da ke kusa ya ga ba haka ba ne, murmushin nan nasa ya gudu. Ya durƙusa a gefensa yana ba shi haƙuri, ya ce wallahi bai san abin ya kai haka ba, ya ɗauka fushin kwana ɗaya ne irin na tsofaffi. Ya ce ba su manta da doka ba, sun zauna sun yi shawara har da gardama. Wasu sun ce a yanka kafin a ba shi. Amma sai suka ga mutumin nan rayuwarsa kaf rabi-rabi ya sani, bai taɓa riƙe lafiyayyen abu ya tafi da shi ba, suka ce ko sau ɗaya a ba shi cikakke. Kuma a duniyar nan ina mataccen ƙarfe zai fi tsaro in ba falon Mahauci ba?

Wannan magana ta shige shi, na gani a fuskarsa da ya sauke hular. Ya daɗe yana kallon fiffiken, kuma na rantse yana sonsa. Sannan ya tambaya wa ya goge shi haka. Mai Fitila ta ce wani mai goge ƙarafan mota ne a cikin gari. Tana cikin faɗa sai ta ɗan tsaya, ta ce mai gogewar ma ya gaya mata wani mutum ya gan shi a shagon, ya juya shi, ya tambaya ko akwai irinsa da yawa, har ya bar lambar waya. Ta ce lokacin dariya ta yi. Da ta maimaita a rumfar kuwa babu wanda ya yi dariya, har ita.

Mahauci ya miƙe, ya gode musu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ba a taɓa yi masa abin da ya kai wannan ba. Sannan ya ce:

"Amma ni ba dawwama zan yi ba. Ran da na rufe ido yara za su share ɗaki, mai gwangwan zai tsaya a ƙofar gida. Ga shi kun riga kun wanke masa shi tas."

Kowa ya gane yanka shi zai yi. Manaja da kansa ya tafi ya jawo doguwar wayar wuta, Mai Fitila ta ɗauko tabarau da safar hannu, makanikai suka kwance fiffiken daga katakon suka ɗauko teburin ƙarfe daga keji zuwa tsakiyar rumfa. Aka ja kujeru baya. Mahauci ya zura tsohuwar rigar aikinsa a kan kayan liyafa, ya matse kyautarsa, ya kunna inji. Wannan ƙarfen fari ne tartsatsinsa, fari ƙal mai kashe ido, kuma yawancinmu ranar muka fara ganin aikin da ake yi a ƙuryar nan. Bai yi sauri ba, bai kuma tsaya ba, har rabin ya faɗi ƙasa ya yi ƙara.

Ya kashe inji, ya jira ya huce, ya ɗauki rabin da ya faɗi ya nufi inda matarsa take. Ya ɗora mata a cinya, ya tsaya a gabanta hannuwansa biyu a sake, ya dube ta ido cikin ido.

"Maman Auta, hau jirginki. Babu komai."

Ta dubi hannuwansa, ba fuskarsa ba. Ta jira. Babu hannun da ya tafi ƙeya. Sai ta sa gefen mayafi ta goge ido, ta juya rabin fiffiken tana duba bakinsa mai ƙuna, ta ce kyauta ɗaya tak da aka taɓa ba shi lafiyayya, ita ma sai da ya ɓata ta. Rumfa ta fashe da dariya, har da masu hawaye. Ta buɗe jakar hannunta ta cusa shi a ciki, ta ce ƙofar bayan gida ma tana neman abin tokarewa.

Washegari da safe na ji ƙarar zuge jaka ta katanga. Ya raka ta filin jirgi, ya dawo shi kaɗai, ya zauna a ƙofar gida da waya a hannu. Da la'asar ta kira. Ta sauka lafiya, jika kamarsa sak, har da haɗe girar, kuma kada ya kuskura ya taɓa mata gwangwanayenta kafin ta dawo.

Mahauci, mai raba ƙarfe da yaudara, mun gode. Kai ne ka yarda a kira ka maɓarnaci a gidanka da wurin aikinka, ka yi ta yankan abin da ido ke so, har wanda aka ba ka don ƙauna. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa wanda ya gaji kejinka ya gaji taurin kanka. Mu kuma da muke karantawa, kowa ya duba nasa kejin. Makanike yana da birkin da ya cire ya ajiye a gefe, mai kemis yana da kwalin da kwanansa ya wuce, mai aikin wuta yana da wayar da ta ƙone daga ciki bayanta lafiya lau. Kada mu ce ai a hannunmu yake, mun san halinsa. Hannunmu ba zai riƙe shi har abada ba, wanda zai tsince shi kuma bai san halinsa ba. A lalata shi tun muna nan.

Rabin fiffiken da ya rage yana kan katakonsa a falon Mahauci, bakinsa baƙi, ya ƙi a goge. Na taɓa hawa jirgi, kai mai karatu wataƙila ka hau, ko uwarka, ko 'yarka. Mun sauka, mun ɗauki jakunkunanmu, mun yi wa matuƙi godiya in mun gan shi a bakin ƙofa. Ba mu san da wani tsoho a ƙuryar rumfa ba, mai huji a hannun riga. To, yanzu mun sani.